Shirin horo na intanet ga ɗan tseren mita 400 mai son haurawa 800: na saya na gwada, ga yadda na same shi

Shirin yana da kyau, amma fa ba ga kowa ba, kuma ba duka abin da ke cikinsa ne ya ci kuɗinsa ba. In kai ɗan 400 ne, ko ɗan 200 mai ɗan jan numfashi, ka ga agogonka ya tsaya cak shekara da shekaru kana ta dukan wuri ɗaya, har ka fara tunanin ko ka haura 800, to ka sayi babban ƙunshin, wanda ake haɗa ka da koci mutum mai jini a jika. In kuwa kai ɗan 100 ne zalla, irin wanda ko mita 300 aka ce ya yi a tirenin sai ya fara waige-waigen inda zai kwanta, to riƙe kuɗinka tukuna, ka karanta zuwa ƙasa.

Sunan kamfanin ban ga amfanin kamawa ba, ba talla aka biya ni ba, kuma irinsu sun cika intanet tsarinsu duk kusan ɗaya ne. Manhaja ce kake saukewa a waya, ka yi rajista, ana cirar kuɗi wata-wata. Ƙunshi biyu ne. Ƙaramin jadawali ne kawai, manhaja ta tsara maka abin da za ka yi kullum, ka yi ka shigar da lokacinka, ita ta san yadda za ta yi da kai. Babban kuma jadawalin ne dai amma da koci a bayansa, yana duba abin da ka shigar, yana canzawa, kana tura masa bidiyo, kuma lokaci-lokaci ku yi magana ta kiran bidiyo. Ni babban na ɗauka, shi yasa zan iya gaya muku bambancin, dan a satin farko kafin kocin ya sa hannu na ga irin aikin da manhajar take yi ita kaɗai.

Farkon shiga tambayoyi ne rututu. Shekarunka, nauyinka, mafi kyawun lokacinka a 100 da 200 da 400, raunukan da ka taɓa ji, kwana nawa kake da hali a sati, kana da filin tsere kusa ko babu, kana ɗaga ƙarfe ko a'a. Wannan ya burge ni gaskiya, dan akwai shirye-shiryen da ko tambayarka ba sa yi, su watso maka jadawalin 'yan gudun fanfalaki su ce bismillah. Sai dai bayan duk wannan tambayoyin abin da manhajar ta yi shi ne ta ɗauki lokacina na 400 ta yi lissafinta a kai, ta yanke cewa tunda ina da wannan saurin to ai zan iya mita 1000 sau biyar a wani lokaci da ko a mafarki ban taɓa ganinsa ba. Na farko na yi shi da ƙyar, na biyu na gama ina ganin taurari, na uku ƙafa ta ce ba da ita ba. Ba lalaci ba ne, lissafin ne tun tushe ba na ɗan gajeren zango ba ne. Ɗan 1500 mai yin 400 a sakan 52 da ɗan 200 mai yin 400 a sakan 52 ba mutum ɗaya ba ne, injinsu daban, kuma manhaja ba ta san wannan ba.

Ga abin da ke ƙasan maganar. Akwai wani bincike da Spencer da Gastin suka fitar a 2001, suka auna ƙwararrun 'yan tsere dan su ga kaso nawa na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yake fitowa ta hanyar iskar oksijin. A mita 200 suka samu kashi 29 cikin 100, a 400 kashi 43, a 800 ya tashi zuwa 66, a 1500 kuma 84. Wato daga 400 zuwa 800 zagaye ɗaya kawai aka ƙara amma abin ya juye, yanzu kusan kashi biyu cikin uku na aikin yana wuyan zuciya da huhu da jinin da ke kai iska ga tsoka, kuma wannan shi ne ɗakin da mu 'yan gajeren zango muka kulle muka jefar da makulli tun muna yara, dan mu tireninmu gudu ne na sakan goma ko ashirin sai hutun minti biyar ko takwas ana hira. Da kocin ya karɓi jadawalin abu na farko da ya yi shi ne ya watsar da lissafin manhajar, ya sa ni gwaji biyu a ranaku daban, ɗaya mita 150 da iya ƙarfina, ɗaya kuma gudun minti 20 ba tsayawa in gaya masa nisan da na ci. Daga waɗannan biyun ya fitar da lokuta iri biyu, na gajerun gudu daga saurina, na dogayen daga numfashina. Daga ranar abin ya fara zama tirenin, da kam azaba ce kawai.

To sai sassarfa. Wallahi ba wanda ya gaya min cewa abu mafi wuya a komawa 800 shi ne gudu a hankali. Kai da ka saba in ka taka ƙasa sai an ji, gwiwa sama, hannu yana sara iska, yanzu an ce ka yi minti 30 kana tafiya a saurin da za ka iya hira da na gefenka ba tare da haki ya katse maka magana ba. Jikinka bai ma san yadda ake yi ba. Ka fara a hankali, minti biyar sai ka tsinci kanka ka hau kan yatsu kana ƙara wuta, wani dattijo ya wuce ka a hanya zuciya ta ce haba, kai ne fa, ka bi shi. Kocin yana ganin komai ta bayanan agogo, kuma a nan ne na san ba kuɗin banza na biya ba, dan kusan duk saƙonninsa na watan farko magana ɗaya ce, rage, ka yi sauri da yawa, rage. Ya yi min bayani cewa wannan gudun na banza-banza da nake rainawa shi ke sa zuciya ta riƙa turo jini mai yawa a bugu ɗaya, shi ke ƙara 'yan ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, kuma in ka yi shi da sauri ba riba biyu ka ci ba, gajiya kawai ka ɗauko wadda za ta ɓata maka babban aikin gobe. Kuma bai jibga min shi lokaci ɗaya ba, da minti 15 aka fara, wani lokacin ma gudu da tafiya a haɗe, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kowane sati na huɗu a sassauta.

Abin da na fi jin tsoro kafin in shiga shi ne a kashe min gudu. Kowa ya san labarin, ɗan 400 ya koma wajen kocin 'yan dogon zango, aka ɗora masa kilomita kamar ba gobe, bayan shekara ya dawo ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko, saurin ya tafi kuma juriyar bai kamo waɗanda aka haifa da ita ba. A nan shirin ya ci maki cikakke. Duk sati, ko a lokacin da ake gina numfashi, akwai rana ɗaya ta gudu tsantsa, mita 40 zuwa 60 da cikakken hutu, ko gajeren tudu na sakan takwas zuwa goma, ka sauko a ƙafa ka huta sosai ka sake. Ba a taɓa cire ta ba. Hujjarsu kuma mai sauƙi ce, saurinka shi ne jarin da ka zo da shi, wanda ya fi ka numfashi ba zai taɓa samun abin da kake da shi a mita 100 na ƙarshe ba, to me zai sa ka zubar. Daman a tarihin 800 hanyoyin biyu duk sun kai mutane gida. Peter Snell na New Zealand ƙarƙashin Arthur Lydiard yana cin mil 100 a sati, kusan kilomita 160 kenan, ya ɗauki zinaren 800 a Olamfik na Rum a 1960, ya sake haɗa 800 da 1500 a Tokyo a 1964. Sebastian Coe kuma mahaifinsa Peter ne ya horar da shi a kan kilomita ƙasa da haka sosai, sauri da ɗaga ƙarfe da motsa jiki iri-iri suka fi yawa, ya yi 1:41.73 a 1981, tarihin duniya da ya zauna har 1997 kafin Wilson Kipketer ya karya shi. Wannan shirin ɓangaren Coe ya karkata, kuma ga mai fitowa daga 400 ina ganin nan ne daidai.

Bari in ba ku hoton rana ɗaya daga cikin masu zafin, dan ku san me kuke saya. Bayan an yi nisa da ginin numfashi sai aka shigo da abin da ya zama dodona, mita 600 a saurin tsere, hutun sakan 30 kacal, sai mita 200 da duk abin da ya rage. Ka tashi a tsaye, ba bulok ɗin tashi ba durƙuso. Mita 200 na farko daɗi kamar me, kana jin kamar wasa kake dan ka saba da abin da ya fi haka sauri nesa ba kusa ba, kuma nan ne tarkon yake. Ka wuce 400 lafiya lau, a nan duk rayuwarka ka saba tsayawa, jiki ma har ya fara shirin dafa gwiwa, sai ka tuna saura. Daga 450 hannu ya fara nauyi, ba ƙafa ba fa, hannu da kafaɗa, haƙora su cije da kansu, wuya ya sandare. A 550 kana jin ɗanɗanon ƙarfe a maƙogwaro. Ka tsallake layi, ka sunkuya, kafin ka ja numfashi uku masu kyau agogo ya yi ƙara, sakan 30 ɗin sun tafi, ka miƙe ka shiga 200 da ƙafafun da kamar aro ka yi. Abin mamakin shi ne wannan 200 ɗin ba ƙarfi ke yin ta ba, in ka ce za ka yi kokawa da ita sai ka ƙara daskarewa, sai dai ka saki fuska, ka sauke kafaɗa, ka rage tsawon taku ka ƙara yawansa. Kocin ya riga ya rubuto min wannan tun daren jiya, har da cewa in 200 ɗin farko ta fi abin da ya ɗiba min sauri da sakan biyu to in tsaya in sake daga farko, kar in ɓata ranar. Kuma bayan rana irin wannan jadawalin gobe da jibi sassauƙa ne, ba a jera maka wuta biyu.

Duba bidiyon ma yana da amfani fiye da yadda na zata. Ka jingina waya a gefen fili ko ka ba wani ya ɗauka, ka tura, ya dawo maka da shi ya ja layuka a jiki yana magana a kai. Shi ya nuna min cewa ina gudun 800 da hannun ɗan 200, ina kai shi har saitin ido ina dawo da shi can baya, kowane taku ina ƙona man da zan nema a zagaye na biyu. Ya kuma nuna yadda kaina ke komawa baya in na gaji, ƙirji ya turo gaba, ƙafa ta riƙa sauka gaban jiki tana taka min birki. Ni da kaina ko sau ɗari na kalli bidiyon ba zan gani ba. Matsalar kawai amsar takan ɗauki kwana biyu, wani lokacin uku, kuma in kana da tsere a ƙarshen sati wannan jinkirin yana ci maka rai. Ga alama mutane da yawa ke hannun koci ɗaya.

Maganar rauni kuma, a nan sun yi rabin aiki. Ɗan gajeren zango abin da ya sani shi ne tsagewar bayan cinya, shi muke tsoro. Da ka fara tara kilomita sai ciwon ya sauya gida, ya koma ƙwauri da agara da tafin ƙafa, saboda zuciya da huhu suna saurin sabawa amma ƙashi da jijiya suna buƙatar watanni, ga mu kuma da nauyin tsoka, ga saba sauka a kan yatsu. Ƙwaurina ya fara tsami tun a wata na biyu. Da na faɗa wa kocin nan take ya mayar da rabin sassarfar kan ciyawa, ya canza rana ɗaya zuwa keke, ya ƙara atisayen ɗaga dunduniya a bakin matakala, kuma ya ce in ciwon ya tattaru wuri ɗaya da zan iya nunawa da yatsa, ko yana damuna ko ina tafiya, to in bar komai in ga likita dan yana iya zama tsagewar ƙashi. Wannan shawara ce ta gaskiya. Amma ita manhajar ba ruwanta, akwai wajen da kake danna cewa kana jin ciwo, ka danna, gobe ta sake turo maka aikinka cif kamar ba ka ce komai ba, har da saƙon ƙarfafa gwiwa wai kar ka karya jerin kwanakinka. Mai ƙaramin ƙunshi da ba shi da wanda zai taka masa birki, ina jiye masa.

Takalmi ma sun yi bayani mai kyau a wani ɗan darasi. Mai ƙusar da muke sawa a 100 da 200 tafinsa tauri gare shi kamar ƙarfe, ba ya lanƙwasa, dunduniya babu komai, an yi shi ne dan ka zauna kan yatsu na 'yan sakanni. Ka sa shi a 800 sha-raɓarka za ta gaya maka tun kafin ƙararrawar zagayen ƙarshe. Na matsakaicin zango yana da ɗan taushi da ɗan abin tare dunduniya. Sai dai darasin nasu tsoho ne, har yanzu yana cewa kaurin tafin zai iya kai milimita 25 daga 800 zuwa sama, alhali hukumar guje-guje ta duniya, World Athletics, ta mayar da shi milimita 20 ga duk tseren cikin fili tun 1 ga Nuwamban 2024. In gasar da za ka shiga ana duba takalmi, ka bincika jerin waɗanda hukumar ta amince da su kafin ka saya.

Yanzu ga inda nake da ja da su sosai, tallarsu. Shafin farko cike yake da sunaye, kuma sunayen gaskiya ne ba ƙarya. Alberto Juantorena na Kyuba, ɗan 400 da ya shiga 800 a makare ya je Montreal a 1976 ya cinye duka biyun, 800 ɗin ma da sabon tarihin duniya 1:43.50, kuma har yau ba namijin da ya sake haɗa su a Olamfik ɗaya. Jarmila Kratochvílová da ta yi 1:53.28 a 800 a 1983, tarihin duniya na mata da ya haura shekara 40 yana zaune, ita ma daga 400 ta fito. Emmanuel Korir na Kenya mai 44.21 a 400 da zinaren 800 a Olamfik na Tokyo a 2021. Mary Moraa da ta fara da 400 ta zama zakarar duniya a 800 a Budapest a 2023. Athing Mu mai 49.57 a 400 da zinaren Tokyo tana shekara 19. To ku sake duba jerin da kyau, duk 'yan 400 ne, babu ɗan 100 ko ɗaya a ciki, amma kanun tallar cewa yake ga duk ɗan gajeren zango. Wannan cin amanar mai saye ne a wajena. Ɗan 100 na gaske tsokarsa cike take da zaren da ke tashi kamar walƙiya ya kuma gaji nan da nan, horo yana gyara wani abu amma ba ya mayar da kai wani mutum daban. Kuma ba dole ba ne in abu ya tsaya maka mafita ta zama sama. Fred Kerley ɗan 400 ne mai 43.64, shi ƙasa ya sauko, ya ɗauki azurfa a 100 a Tokyo ya zama zakaran duniya a 2022. Da ni ne su, duk wanda ya shigo ba shi da lokacin 400 sai in ce ya je ya yi kakar tsere ɗaya a 400 ya dawo. Amma ina, katinka kawai suke jira. A bakin kocin dai na ji gaskiya, shi ya ce min alamar da yake dubawa ita ce mutumin da 400 ɗinsa ta fi 200 ɗinsa kyau in an kwatanta, wanda ba ya mutuwa sosai a mita 100 na ƙarshe, kuma yake saurin dawowa hayyacinsa tsakanin gudu da gudu.

Ɗayan babban giɓin shi ne dabarar tsere, kuma wannan ban san ko akwai shirin waya da zai iya cike shi ba. Mu mun taso kowa da layinsa, daga bindiga har ƙarshe ba mai taɓa ka. A 800 kwanar farko kawai kake da layi, kuna fitowa miƙaƙƙen baya kowa ya karyo ciki, mutum takwas ko fiye suna neman wuri ɗaya. Abin da shirin ya tanada a kan wannan bidiyo ne guda na 'yan mintuna da zane-zane. Ranar tserena na farko na ga abin da zanen bai faɗa ba. Na fito kwana ina gaba-gaba saboda saurin tashi, na shige ciki na lafe a layin farko, kafin mita 300 wani ya zo ya tsaya a kafaɗata ta dama, wani a gabana, wani yana taɓa min dunduniya ta baya, gwiwar hannu tana sauka a haƙarƙarina, na gaban ya rage gudu ni kuma ba hanyar fita, ina da ƙarfi a jiki amma an rufe ni ruf kamar akuya a tsakiyar garke. Sai da na ja baya na zagayo ta waje, kuma zagayowa ba kyauta ba ce, faɗin layi mita 1.22 ne, duk kwana ɗaya da ka yi a layi na biyu ka ƙara wa kanka fiye da mita uku da rabi, a tseren da ake rabuwa da taku ɗaya. Kar ku ga kamar abin na sababbi ne kawai, Athing Mu da kanta a gasar tace 'yan wasan Amurka ta 2024 ƙafa ta harɗe mata a cikin cunkoso ta faɗi, tana riƙe da kambun Olamfik amma ba ta je Paris kare shi ba. Wannan sai ka nemi abokan gudu na zahiri ku riƙa yi a dunƙule, ku saba da jikin juna, ka kuma shiga ƙananan tsere da yawa.

Rabon sauri kam sun koyar da shi da kyau. 800 ba a yin ta daidai wa daida, zagayen farko yakan fi na biyu sauri da kamar sakan biyu zuwa uku. David Rudisha ranar da ya yi 1:40.91 a Landan a 2012 ya wuce 400 a 49.28, ya dawo na biyu a 51.63, yana gaba tun daga farko har ƙarshe. Mai neman minti biyu cif kenan wajen 59 da 61 zai nema, ba 54 ba, ko da 54 ɗin tana zo masa a sauƙaƙe. Sun sa ni maimaita 200 da 300 a saurin tsere ba tare da kallon agogo ba, sai na gama in duba in ga ko na canka, har jiki ya haddace.

Sauran ƙananan abubuwa in tattara su. Manhajar tana dogara da GPS na agogo ko a cikin fili, kuma kowa ya san agogo ba ya iya kwana, sai ka yi 400 cif ya rubuta maka 420 ko 385, ita kuma ta hau yabo ko faɗa a kan ƙarya, gara ka kashe ka danna da hannu. Bugun zuciya ma da tsohon lissafin nan na 220 a cire shekarunka dan a samu iyakar bugunka take aiki, wanda yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye ga mutum ɗaya, sai ka shiga saiti ka gyara da kanka in ka san naka. Ɓangaren ɗaga ƙarfe na 'yan koyo ne, duk wanda ya yi shekaru a gajeren zango ya wuce wurin, ni na ci gaba da nawa na da, na rage yawa kawai, kocin ya amince. Bidiyoyin darasi ba sa saukuwa a waya, in ba sabis a filin to ba darasi.

Sakamako fa? 800 ɗina tana sauka tsere bayan tsere, kuma zagaye na biyu ya daina zama wajen neman agaji. 400 ɗina ba ta lalace ba, ƙarshenta ma ya fi da ƙarfi. 200 kuwa ta ɗan dushe, tashin nan na farko mai kamar harbi ya ragu, na kuma zube kaɗan a cinya da kafaɗa, kuma kocin bai ɓoye min ba tun farko cewa hakan za ta faru, ya kuma ce kar in yanke wa kaina hukunci kafin kaka ta biyu dan numfashi shekaru yake ɗauka yana ginuwa. Ko wannan gaskiya ce ko dabarar riƙe kwastoma, duka biyun na iya zama, amma dai ya yi daidai da abin da na gani a jikina.

Ni zan ci gaba da babban ƙunshin zuwa ƙarshen kaka mai zuwa, ranar Asabar kuma na samu wasu 'yan 800 da 1500 da nake shiga cikinsu dan cunkoson. In za ka yi rajista, ka tambaye su tun kafin ka biya ko kocin da za su ba ka ya taɓa horar da wanda ya fito daga 400, dan ba duka kociyoyinsu ne suka san mu ba, kuma suna yarda a canza in ka nema. Sannan ka shiga saiti ka kashe sabunta biyan nan mai cirar kansa, dan maɓallin soke rajistar ba ya cikin manhajar, sai ka buɗe shafinsu a burauza ka bi ta wajen asusu kafin ka same shi, kuma in wata ya riga ya shiga ba sa mayar da ko sisi.